Ƙafar Tsakiya

Ranar da na gangaro daga tudun Keita
da tsohuwar Fijon kawuna,
ni da Nomau, taga a buɗe, rediyo na ihu,
ina taka totur kamar hanyar gadonmu ce.
Kwana ta farko birki ya kama.
Ta biyu ya kama.
A ta biyar na ji ƙauri,
irin na tukunyar da aka manta a kan murhu.
A ta shida na taka, ƙafata ta nutse
kamar na taka dafaffiyar kabewa.

Nomau ya haɗiye waƙarsa.
Ga amalanken albasa a gaba,
da wani tsoho mai malafa, ko waiwaye bai yi ba.
Na sauke giya, uku, biyu, inji na kururuwa,
na ja birkin hannu kaɗan-kaɗan,
muka tsaya gindin wata aduwa
hancin mota na shinshinar buhu.
Tsohon ya ce, "Sannunku da hanya,"
ya kaɗa jakinsa ya wuce.

Tankari, a garejinsa na bayan tasha a Tawa,
bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi.
Ya kwance taya, ya ɗaga faifan birki ga rana,
ya yi shuɗi kamar an tsoma shi a marina.
Takalman birki sun yi santsi, suna ƙyalli kamar tangaran.
"Wannan ƙyalli ba kyau ba ne, ƙuna ce.
Gudun da ka tara a kan tudu ba ya ɓacewa, yaro.
Wuta yake komawa, nan yake sauka,
ƙarfe kuwa yana da iyakar abin da zai haɗiye."

Ya zuƙo man birki a kwalba, baƙi kamar shayin farko.
"Shekararsa nawa?" Na ce ban sani ba.
"Ya sha ruwa. Mai yana satar laima a ɓoye
ko a ƙasar da rijiya ke gaba arba'in.
In ya ji zafi ya tafasa, ya yi kumfa,
kai kuma kana taka kumfa kana salati."

Jika tamanin na tara
don fitilun ado da ƙaho mai kukan jirgi.
Suka tafi ga faifai mai ƙofofin shan iska,
da takalma masu jure wuta
da aka aiko daga Yamai a motar dare,
da mai garau mai wuyar tafasa,
da tiyo mai rigar waya
a madadin robar da ke kumbura in an matsa mata.
Babu ɗaya da ake gani daga waje.
Babu wanda zai juyo a bakin kasuwa don ya yaba.

Ya zaunar da ni a kujera, ya shige ƙarƙashi.
"Taka. Taka. Riƙe."
Iska ta fita tana tsaki.
"Saki. Taka." Haka har la'asar,
har ƙafar tsakiya ta tsaya ƙyam kamar dutsen Adar.
"Kada ka ba su wuta yau.
Taka sannu, bari su huce, ka sake.
Kuma giya ba ado ba ce, ka raba musu kaya."

Bayan sati biyu na koma tudun, ni kaɗai.
Nomau ya ce yana da ɗinki.
Na yi gudu, ba zan ɓoye ba,
amma kwana ta shida ta same ni a giya ta uku,
birki ya amsa tun kafin in gama tambaya.

A gindin aduwar na tsaya ba dalili.
Na kai tafin hannu kusa da taya,
zafi ya taso kamar bakin tanda.
Ɓawon albasa ɗaya na nan, maƙale a ƙaya.